Abin da Na Ɗauka Ranar Guguwa

Tun da na dawo daga Amurka ƙofar gidana a unguwar Federal Low-Cost ta Gombe ba ta huta ba. Wata ta zo barka da dawowa, wata jaje, wata kuma don dai ta ji da kunnenta. Tambayar ɗaya ce: "Hajiya, wai da gaske guguwa ta ɗauke gidan da kuke ciki?" Sai in ce, "Ai sai godiyar Allah," in tura musu farantin dabino, in karkatar da hirar zuwa tsadar gero. Aminiyata Adda Dija, wadda muka yi koyarwa tare har muka yi ritaya, ita ce ta ƙi barina. Ta ce, "Ke da kika riƙe makarantar firamare guda, rubutu ne zai gagare ki? Ki rubuta mana mu huta da tambaya." To ga shi na rubuta. Amma in faɗa tun yanzu, labarin da ya riga ni isowa Gombe ba daidai ba ne, kuma ni ce na bar shi ya yaɗu. Zan bi tafiyar daga farkonta, don in na fara da wurin da ke cin raina ba zan iya ƙarasawa ba.

Autata Safiya ce ke aure a can, a wani birni cikin jihar Oklahoma. Mijinta injiniya ne, ɗan Dawaki, yaro mai kunya wanda har yau ba ya gaishe ni a tsaye. Cikin fari ne da ita, kuma tunda ba za ta iya zuwa gida wanka ba, sai aka ce gida ya je ya same ta.

A wurin neman biza a Abuja na fara jin kunya, amma irin wadda ake dariyarta daga baya. Baturiyar da ke bayan gilashi ta tambaye ni abin da zai kai ni. Na shirya dogon bayani a kan wankan jego, da na buɗe baki sai Turancin ya watse, na ce mata zan je in yi wa 'yata wanka. Ta ɗago kai ta ce, "Shekarunta nawa?" Na ce ashirin da takwas. Ta yi dariya har ta dafe goshi, ta karɓe fasfona ta ce in dawo in ɗauka.

Ranar tafiya bayan sallar asuba na shiga motar Abuja. Kayana kuwa ba a magana: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, kanwa, man shanu cikin roba, kilishi, da busasshen ganyen darbejiya cike da leda don ruwan wanka. Kafin mu kai Alkaleri taya ta fashe, muka yi zaman awa guda a rana. Da aka buɗe but a Bauchi sai ga man shanu ya narke ya bi atamfofin da na ɗinka wa mai jego. Wani ɗan kasuwar wake da ke gaban mota ya ce, "Hajiya, ai kin huta, ko a jirgi aka ji ƙamshinki an san daga Gombe kike."

A Istanbul muka sauya jirgi. Nan na haɗu da wata dattijuwa Bayarabiya mai jin Hausa, ita ma jikanta za ta gani, kuma zuwanta na huɗu ke nan. Ta ga ina laluben takarduna cikin ƙullin zane, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, a ƙasar nan da za mu, fasfo shi ne ranki. Ko banɗaki za ki shiga, ki shiga da shi." Safiya ma ta sha faɗa mini haka a waya. Tun daga nan na zuba fasfo da takardu cikin 'yar jakar hannuna na rataya a wuya ƙarƙashin hijabi.

Da muka sauka, wanda ya fara tarbata a Amurka kare ne. Wani ɗan ƙarami mai dogayen kunnuwa, sanye da riga irin ta ma'aikata, ya zo ya zauna gaban akwatina ya ƙi tashi. Na ja da baya ina salati. Ma'aikacin kwastan ya buɗe akwatin, ya ɗauke kilishi da ragowar man shanu. Ganyen darbejiya ya daɗe yana juya shi yana kallona, na rantse masa ba na sha ba ne, duk da haka ya jefa a kwandon shara. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa sai ya kau da fuska, ya ɗaure da sauri ya miƙo mini abina. Ita kaɗai ce ta ƙwaci kanta.

Gidansu Safiya kyakkyawa ne a ido, ciyawa kore shar a gaba, ba katanga ba ƙofar zaure. Amma da na ƙwanƙwasa bangon ɗakina sai na ji yana amsawa kamar kwali. Katako ne aka lulluɓe. Na ce wa surukina, "Yanzu duk arzikin ƙasar nan bulo ya gagare su?" Ya yi murmushi ya ce, "Haka suke gininsu, Inna."

Kwana shida da zuwana Safiya ta sauka lafiya, aka sami mace. Ranar suna ba taro ba kiɗa, 'yan mutane ne a masallaci, ragon ma a wata gona aka yanka ya iso gida a yayyanke cikin kwali. Sunana aka sa wa yarinyar, Hauwa'u, ana kiranta Ummi. Na yi wa Safiya wanka a bahon wanka da ruwan zafin famfo, ba ganye. Ranar da na kunna turaren wuta wata na'ura a silin ta ɗauki ihu, sai da surukina ya hau kujera ya kashe ta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shiru. A Gombe in an haihu, mai jego ba ta samun barcin rana saboda 'yan barka. Can kuwa layi guda na gidaje, mutum ɗaya ce ta ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Sunanta Doris, gidanta na jikin namu. Tsohuwa ce da za ta girme ni, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, tana ɗingisa ƙafa ɗaya. Gashinta a yanke kamar na namiji, kullum cikin gajeren wando, kuma ba ta rabuwa da wani kare mai ruwan ƙasa da take kira Tobi. Ta zo da abinci a kwano da 'yan safa da ta saƙa da hannunta. Ta tambayi Safiya yadda ake kiran uwar uwa a harshenmu, aka ce mata kaka. Sai ta miƙo mini hannu tana fara'a ta ce, "Kaka!" Ni kuwa na ga karen yana lasar hannun nan a bakin ƙofa, sai na mayar da nawa cikin hijabi na gyaɗa mata kai. Da ta fita na ce a zubar da abincin. Safiya ta ce, "Haba Inna, kifi ne fa, don mu ta dafa." Na ce ban san da wane cokali ta juya ba. Na kuma wanke dandamalin ƙofa inda karen ya zauna. Duk da haka kullum da safe in na leƙa waje sai ta ɗago hannu daga cikin furanninta ta ce, "Kaka!"

Ran Asabar ta farko da tsakar rana ina dama kunu sai na ji jiniya ta cika gari, irin wadda ban taɓa ji ba. Ludayi ya faɗi daga hannuna. Safiya ta yi ta dariya, ta ce gwaji ne, duk Asabar ake yi. Surukina bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, garin nan ana guguwa mai tsanani a wannan lokaci na shekara. In kika ji jiniyar nan ba ran Asabar ba, ki ɗauki Ummi ki tafi gidan Doris. Mun riga mun yi magana da ita." Ya kai ni bayan gidanta ya nuna mini wata ƙofar ƙarfe a kwance a ƙasa. Ya ɗaga, sai ga matakala ta gangara cikin wani ɗan ɗaki na siminti mai benci biyu.

Na ce, "Karen ma nan yake shiga?"

Ya ce, "Nan yake shiga, Inna."

Na ce Allah ya kiyaye ni da shiga rami da raina, balle da kare. Na ba shi labarin shekarar da iska ta yaye kwanon makarantarmu ta wajen Arawa, yadda na tara yara aji uku a lungu ɗaya na tsaya a kansu har ta wuce, ko ƙwarzane babu wanda ya samu. Na ce, "Guguwa ai mun san ta. Ta ɗebi leda da kara ta yi sama, yara su bi ta da gudu." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan daban ce, Inna." Ban saurare shi ba. A lokacin na ɗauka na san kaina.

Ummi na da sati biyar ranar da abin ya faru. Safiya na da ganin likita bayan azahar, mijinta zai kai ta. Ya ce masu duba yanayi sun ce akwai hadari mai ƙarfi wajen yamma, amma za su dawo kafin la'asar. Yarinya ta sha ta ƙoshi, aka kwantar da ita a gadonta a ɗakin uwarta. Suka tafi.

Garin ya yi wani irin nauyi, ba iska ko kaɗan. Ta tagar kicin na ga sama ta rine, ba baƙi irin na hadarinmu ba, wani kore-kore mai duhu. Sai ƙanƙara ta fara dukan rufi kamar ana jifa. Sai jiniya. Na tuna sarai cewa ranar ba Asabar ba ce. Wayata tana ɗaki a caji, ina jin tana ta ƙara. Na ce bari in sauke tukunya tukuna.

Ana haka aka fara dukan ƙofa da ƙarfi. "Kaka! Kaka!" Na buɗe, Doris ce, gashinta a jiƙe, tana riƙe da igiyar karenta. Ta nuna bayanta da hannu.

Na sha jin ana cewa tsoro ya kama mutum, ban san ma'anarsa ba sai ranar. Can ƙarshen unguwa wani baƙin abu ne tsaye daga ƙasa har sama, faɗinsa ya fi filin idi, yana juyawa. A jikinsa wasu abubuwa na yawo kamar tsuntsaye, sai da na ƙura ido na gane rufin gidaje ne. Ƙararsa kamar manyan motoci ɗari sun taso a tare, har cikin haƙorana nake jin ta.

Na juya da gudu na shiga cikin gida. Ƙofa biyu ce a jere, ta ɗakina da ta ɗakin Safiya. Na shiga nawa. Na fizgi jakar fasfo daga kan gado na rataya a wuya, na fito, na wuce ƙofar ɗakin da jikata ke barci, na wuce Doris a bakin ƙofa, na tsallaka ciyawa ba takalmi. Ni ce na fara isa ramin nan da na rantse ba zan shiga ba.

Ba zan ce na manta da ita ba, don da na faɗi haka da na sami sauƙi. Ban manta ba, kuma ban yanke shawarar barinta ba. Ƙafafuna ne suka tafi, ni kuma na bi su.

Doris ta iso bayana tana ɗingishi, ta sauko matakala biyu, ta dube ni, ta dubi hannuwana. Ta ce, "Ina bebi?"

Na ƙanƙame jakar da ke wuyana.

Ta daka mini tsawa, "Ina bebi?"

Na nuna gidan. Na yunƙura in tashi daga kan benci, na koma na zauna. Wallahi na yunƙura. Ita kuwa ba ta jira ba. Ta cusa mini igiyar karen a hannu ta ce, "Riƙe shi!" ta haye sama. Karen ya zabura zai bi ta, igiyar ta ja, jikinsa ya gogi ƙafata, sai na sake ta. Ya haye matakala ya bi uwar ɗakinsa.

Ban san tsawon lokacin da na yi ni kaɗai a ramin ba. Ina ganin sama ta ƙofar, katako da ganye na wucewa. Ina son in yi addu'a, ko Fatiha ta ƙi zuwa bakina. Sai ga Doris a bakin ramin, ta rungume Ummi cikin bargo a ƙirjinta, ta duƙa a kanta. Tana sa ƙafa a matakala wani dogon katako ya zo ya make ta a kafaɗa da gefen kai. Ta faɗo ciki a kan gwiwoyinta, amma ba ta saki yarinyar ba. Ta miƙo mini ita, ta ce in ja ƙofa. Wannan kam na yi. Na ja, na sa sakata.

Abin ya bi ta kanmu. Kunnuwana suka toshe, ƙofar ƙarfen tana tsalle kamar za ta fice, ƙasa na zubowa ta gefe. Ummi na tsala kuka amma ba na jin muryarta, bakinta kawai nake gani a hasken 'yar fitilar da ke bango. Doris na kwance jini na bin wuyanta, tana kiran sunan karenta.

Da aka yi shiru, wasu maza suka janye abin da ya danne ƙofar suka fito da mu. Na tsaya ina neman gidanmu. Babu shi. Babu na Doris, babu na gaba, babu layin gaba ɗaya. Daɓen siminti ne kawai a jere, da tarin katako da katifu da tufafin mutane. Itatuwa sun zama sanduna, har ɓawonsu an saɓule. Wata mota tana kife a inda kicin ɗinmu yake. Gadon Ummi ba a taɓa ganinsa ba har na baro ƙasar. Aka ɗora Doris a kan wani ƙyaure aka sa ta a bayan a-kori-kura aka tafi da ita. Ni kuma na cire ɗankwalina na goya Ummi, na zauna a bakin ramin.

A haka Safiya ta same ni. Hanyoyi sun toshe, da ƙafa suka ƙaraso ita da mijinta, tana gudu tana faɗuwa, mai jegon da ko arba'in ba ta yi ba. Ta hango ni da goyo. Ta zube a gabana ta rungume ƙafafuna tana cewa, "Inna kin cece ta! Inna kin cece ta!" Mijinta ya durƙusa yana hawaye. Da ya ga jakar a wuyana sai ya ce, "Dubi, har takardunta ta ɗauko. Inna, wallahi ko namiji bai yi wannan natsuwar ba."

A nan ya kamata in yi magana. Na ce a raina bari ta huce tukuna. Kafin magariba ta kira yayyenta, kafin wayewar gari labari ya gama Gombe.

Wani iyali 'yan Sudan da suka sani a masallaci ne suka ba mu ɗaki biyu, muka yi sati uku muna cin wake da burodi da safe, kafin a sami gidan haya. Ashe ba guguwa ɗaya aka yi ranar ba, sun sauka a wurare da dama, wata a ɗaya gefen birnin, wasu a garuruwan kusa. Na ga makaranta da rufinta ya zauna a kan kujerun yara, na ga babban kanti an buɗe shi kamar gwangwani. A jikin duk abin da ya rage a tsaye an yi alama da fenti, wai an duba ko da mutum a ciki. Wani dattijo da ke gida na uku daga namu, mai gaishe da surukina kullum, bai tsira ba. Mutanen nan da na ce ba su san maƙwabtaka ba kuwa, sai ga su sun fito daga ko'ina da motoci da zarto da ruwan sha. Matan wani coci suka kafa rumfa suna raba abinci, da suka ga hijabina sai ɗaya ta ce in dakata, ta kawo mini wanda ba nama a ciki. Na karɓa na ci. Ban tambayi cokalin da aka juya da shi ba.

Kwana biyu bayan abin muka je asibiti duba Doris. Kafaɗarta ta karye a wuri biyu, an yi mata ɗinki a kai. Safiya ta riƙe hannunta tana kuka ta ce, "Mun gode da kika buɗe wa Inna da bebi ɗakinki. An ce wajen rufe ƙofa kika ji ciwo." Doris ta juyo ta dube ni. Ni kuma na dubi tayil ɗin ƙasa. Sai ta ce, "Bebi lafiya?" Aka ce lafiya lau. Ta ce, "To shi ke nan. An ga Tobi?"

Ba a gan shi ba. Washegari da surukina zai koma tsintar abin da ya rage na kayansu, na ce zan bi shi. Yana can yana ɗaga katako, ni kuwa na bi layi ina leƙa ƙarƙashin tarkace ina kira, "Tobi! Tobi!" Ku kwatanta, ni Hajiya Hauwa, da hijabi har ƙasa, ina yawo a unguwar Turawa ina kiran kare. Kwana uku ina haka. A na ukun masu aikin agaji suka ɗaga wani bango da ya faɗi a tsakanin gidanmu da ramin, suka same shi a ƙasa, da igiyarsa a wuya. Surukina ya haƙa rami ya binne shi. Ya ga ina kuka har da shessheƙa, sai ya ce, "Inna akwai tausayi."

Ana saura kwana huɗu in taho na roƙi a kai ni wurin Doris, a gidan da ake kula da masu jinya. Safiya ta fita shayar da Ummi a mota, muka rage mu biyu. Hannunta na dama na rataye a ƙirji, likita ya ce da wuya ya sake ɗaguwa sama da kafaɗa. Na tattaro Turancina na ce, "Ni na bar ta. Ke kika koma. Kuma ni na saki igiyar."

Ta ce, "Na sani. Ai ina wurin."

Na ce ta yafe mini.

Ta juya fuska wajen taga. Ta ce, "Shekara goma sha ɗaya muna tare da Tobi. Ba zan ce miki ba komai ba." Can kuma ta ce, "Kin gaya wa 'yarki?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Wannan tsakaninku ne, ba zan shiga ba. Amma in ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba." Sai ta miƙo mini hannun hagu. Na kama da hannu biyu.

Ban gaya wa Safiya ba. A filin jirgi ta rungume ni ta ce, "Inna, in hutuna ya ƙare zan koma aiki, za mu sake nema miki biza ki zo ki zauna da Ummi. Ba wanda zan iya bar wa ita a duniyar nan sai ke." Na ce Allah ya kai mu. Na hau jirgi da maganar a cikina, na sauka da ita a Abuja, na bi ta Jos da Bauchi da ita har gida.

Sauran kun sani, don da ku aka yi. An tarbe ni kamar wadda ta dawo daga yaƙi. Ƙanin mijina ya yanka kaji. A Islamiyyarmu ta Asabar malama ta tsayar da karatu ta ce, "Ku dubi Hajiya Hauwa. Gari na tashi sama, ita kuwa ta goya jikarta ta fita da ita cikin natsuwa. Wannan shi ne amfanin riƙo da addu'a." Mata suka yi ta kabbara. Da aka tashi wata yarinya mai ɗanyen goyo ta kwanto jaririnta ta ɗora mini a cinya, ta ce, "Hajiya, ki tofa masa albarka, Allah ya ba shi zuciya irin taki." Na riƙe yaron nan. Ban iya tofa komai ba.

Da na koma gida ko hijabi ban cire ba na kira Safiya. Can safiya ce a wurinsu. Na ce ta zauna, na faɗa mata duka, tun daga tukunyar da na tsaya saukewa har igiyar. Ba ta katse ni ba.

Ta ce, "Inna, jaka?"

Na ce, "Jaka."

Ta ce, "Kin wuce ta ƙofar ɗakin?"

Na ce na wuce.

Sannan ta ce, "Zan kira ki," ta kashe.

Kwana tara ba ta kira ba, yarinyar da ba ta kwana ba ta ji muryata ba. A cikin kwanakin nan na zauna na rubuta yawancin abin da kuke karantawa. Na fara karanta wa Adda Dija. Ta saurara har ƙarshe, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Ni dai ban san abin da zan ɗauka ba in ni ce." Na gode mata, amma ni na san abin da na ɗauka.

A rana ta goma Safiya ta kira. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi ciwon ƙafata da mutanen gida. Ta ce ta je wurin Doris ta durƙusa mata, kuma daga yanzu duk Juma'a za ta riƙa zuwa ta wanke mata kai ta taje, tunda hannun ba ya kaiwa. Ta juya kyamarar wayar na ga Ummi ta yi ɓulɓul, tana cusa yatsa a baki. Muka ɗan yi dariya. Har na fara jin sanyi a raina.

Da za mu yi sallama sai ta ce, "Inna, wata mai zuwa zan koma aiki. Matar nan 'yar Sudan ta ce za ta riƙa riƙe mini Ummi da rana." Ta ƙara da cewa, "Maganar bizar nan, a bar ta tukuna."

Na ce, "To."

Ta ce, "Ba wai wani abu ba ne, Inna."

Na ce, "Na sani. Allah ya yi muku albarka. Ki gaishe mini da Doris."